Me ya haɗa jirgin ruwa da shaho da gauta da sabuwar shekara a hotunan katako na Japan?

Wani ɗan'uwa ne ya turo tambaya, yace yana ta cin karo da tsofaffin hotunan Japan irin waɗanda ake bugawa da katako, an rubuta a ƙasa wai na sabuwar shekara ne, amma shi abin da yake gani jirgin ruwa ne cike da dattawa har da mai ƙaton tumbi, wani hoton kuma shaho ne da gauta, wani furanni ne suka buɗe alhali a saninsa Janairu a can ƙanƙara ce ke zuba, to meye haɗin?

Toh Malam ka sosa min inda yake min ƙaiƙayi, don na daɗe ina sassaƙa katako ina buga hoto da shi ina kuma koya wa ɗalibai, kuma wannan ɓangaren na sabuwar shekara shi na fi so a duk harkar. Su dai waɗannan hotuna sunansu ukiyo-e, sun yi tashe a zamanin Edo, daga 1603 zuwa 1868, Edo ɗin kuwa shi ne garin da ake kira Tokyo yanzu.

Bari mu fara da furannin don nan ne kowa yake rikicewa. Japan bata koma kalandar Bature ba sai 1 ga Janairu 1873. Kafin nan da wata suke lissafi, wani watan kwana 30 wani 29, kamar dai yadda muka sani a lissafin Hijira, bambancin kawai su kusan duk shekara uku sai su ƙara wata guda don kar shekarar ta riƙa zamewa tana barin damina da rani a baya. Shi yasa a wancan lokacin sabuwar shekararsu kullum take faɗowa tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, lokacin da sanyi ya fara sassautawa, kuma su a wajensu ranar ɗaya ga watan farko ita ce ranar da lokacin toho ya shigo. Bishiyar ume, wata 'yar itaciya mai fure fari ko ja, ita ke riga kowa yin fure tun ƙanƙara bata gama narkewa ba. Kaga kenan mai zanen bai yi ƙarya ba, abin da ke ƙofar gidansa ya zana.

Wannan lissafin watan shi ne ya haifi hoto mai kala cikakkiya a Japan, kuma nan nake so ka tsaya da kyau. Jerin watanni masu 30 da masu 29 yana canzawa duk shekara, ga shi mutanen Edo bashi suke ci a shago a biya ƙarshen wata, to dole ka san ko watan nan gobe zai ƙare ko jibi, in ba haka ba mai bin bashi ya same ka ba shiri. Buga kalanda ta sayarwa kuma gwamnatin shogun, shugaban soja mai mulkin ƙasar, ta riƙe ta, sai wanda aka ba izini. Sai masu hali suka ɓullo da wata dabara, a buga ɗan hoto a ɓoye lambobin watannin a cikinsa, a jikin riga ko a igiya ko a ganye, a raba wa abokai kyauta a sabuwar shekara, wanda ya karɓa ya zauna ya warware kamar kacici-kacici. Sunan wannan egoyomi. A 1765 abin ya zama gasa sosai tsakanin wasu samurai, wato ajin mayaƙa, masu kuɗi da attajirai, jagoransu wani Okubo Jinshiro da ake wa laƙabi da Kyosen, kowa na so nasa ya fi na kowa, kuma tunda ba riba ake nema ba ba a ƙididdige kuɗin da za a kashe. Suka ɗauko mai zane Suzuki Harunobu da ƙwararrun masassaƙa da masu bugu, maimakon kala biyu ko uku da aka saba, yawanci ruwan hoda da kore, sai ga hoto da kala rututu a takarda mai kauri. Akwai ɗaya na Harunobu da nake nuna wa ɗalibai kullum, yarinya ce ta fito da gudu zata kwashe shanya hadari ya taso iska na kaɗa kayan, in ka ƙura wa rigar da ke kan shanyar ido sai kaga adon jikinta ashe rubutu ne, alamar babban wata sannan 2, 3, 5, 6, 8, 10, watannin da ke da kwana 30 a shekarar kenan. Da 'yan kasuwa suka ga mutane sun haukace a kan abin sai suka saye katakan, suka goge lambobin da sunayen masu su, suka buga suka kai kasuwa da sunan nishiki-e, wato hoto mai kama da saƙar alharini. Duk wani hoton Japan mai kala da ka taɓa gani, har da igiyar ruwan nan ta mai zane Hokusai da ake mannawa a riga da bayan waya, daga wannan gasar kalandar ya samo hanya.

Yadda ake aikin a taƙaice, mutum huɗu ne. Mai shago shi ke zuba jari, mai zane ya zana da tawada a siririyar takarda, masassaƙi ya manna ta a kife a allon icen ceri ya sassaƙe duk inda ba layi, sannan mai bugu ya shafa kala da ɗan kunun shinkafa a allon ya ɗora takarda mai danshi ya murza bayanta da baren, wani faifai ne zagayayye da aka naɗe da ɓawon gora. Kowace kala da allonta, akwai kuma 'yar tsaga a kusurwar allo mai suna kento da ake jingina takardar don kalolin su hau kan juna ba karkacewa. Ba inji ko ɗaya, ƙarfin kafaɗa ne.

Bayan kalandar sai surimono, kuma wlh in ana maganar gwaninta nan ta ƙare. Ƙungiyoyin marubuta waƙa ne, masu yin kyoka, gajeriyar waƙar raha mai gaɓa 31 cike da wasa da kalma, duk ƙarshen shekara sai su yi karo-karo su sa a buga musu hoto da waƙoƙinsu a jiki don rabawa a watan farko. Ya fi tashe daga wajen 1810 zuwa wajen 1835, girmansa kusan murabba'i ne, santimita 21 da 18 haka, bai fi tafin hannu biyu ba. Sunayen da zaka fi gani Hokusai da almajirinsa Totoya Hokkei da Yashima Gakutei da Kubo Shunman. Tunda ba na kasuwa bane ba ya bi ta hannun 'yan tace, don haka zaka ga babu hatimin tacewar nan da aka wajabta wa hotunan sayarwa tun 1790, wannan ma hanya ce ta gane shi.

Ranar da na fara ganin surimono na gaske ido da ido a ɗakin nazari na wani gidan adana kayan tarihi, an ajiye min shi a teburi, da farko na ɗauka gauraka ce kawai fara a kan farar takarda ba wani abu, sai matar da ke kula da wajen ta ɗan karkata fitila gefe, Allah mai iko, sai ga gashin tsuntsuwar ya taso ɗaya bayan ɗaya, kowane da inuwarsa, babu ɗigon tawada ko ɗaya a wajen, takardar aka danna a kan sassaƙa har ta ɗauki siffar. Karazuri suke ce masa, bugun wofi. A gefe kuma garin tagulla da na kuza da aka buga suna ƙyalli kamar zinariya da azurfa. Hoton waya baya ɗaukar wannan ko kaɗan, shi yasa in kaga surimono a intanet kaji bai burge ka ba kar ka yanke hukunci, rabin abin ne ya iso gare ka. Abu ne da aka yi don a riƙe a hannu a juya shi a hasken fitila ana karanta waƙar ana dariya.

A surimono ne dabbobin shekara suka fi fitowa. Lissafin daga Sin suka aro shi, shekara 12 kowace da dabbarta, ɓera, sa, damisa, zomo, dodon maciji, maciji, doki, tunkiya, biri, zakara, kare, aladen daji. Amma fa gwani baya zana dabbar kai tsaye kullum, wannan ai kowa zai iya. A 1822, shekarar doki, Hokusai ya yi jerin surimono sukutum a kan doki inda a da yawansu ba dokin, sai abubuwan da sunansu ke ɗauke da kalmar doki a yarensu, 'ya'yan darar shogi da ake kira koma, takalmin katako komageta, dokin gora na wasan yara. In shekarar maciji ce sai a zana Benzaiten don maciji ɗan aikenta ne a imaninsu, shekarar ɓera a zana Daikoku ko ma gudumarsa kawai. Ni a ganina wannan shi ne daɗin abin, an ɗauki mai kallo a matsayin mai hankali, an bar masa aikin da zai yi.

Yanzu jirgin ruwanka. Takarabune sunansa, jirgin dukiya, mutum bakwai ɗin ciki kuma su ne allolin sa'a bakwai a al'adarsu. Ebisu mai sandar fatsa da jan kifi a hammata, shi kaɗai ne ɗan asalin Japan. Daikoku mai guduma a kan buhunan shinkafa, Bishamonten mai sulke da mashi, Benzaiten mace tilo mai kaɗa biwa, wani abin kiɗa mai tsirkiya, su ukun nan asalinsu Indiya. Mai tumbin da ka gani Hotei ne da ƙaton buhunsa, sai dattawa biyu Fukurokuju mai dogon kai da Jurojin, su kuma daga Sin. Kayan cikin jirgin ma kowanne da ma'anarsa, makullin rumbu, jakar kuɗi, hula da alkyabbar ɓata, murjani. Abin da ya kamata ka sani shi ne yawancin hotunan jirgin nan ba don bango aka buga su ba. Masu talla ne ke yawo da su unguwa unguwa a farkon shekara suna kiran otakara otakara, mutum ya saya da 'yan canji ya sa ƙarƙashin matashin kai, a Edo an fi yi a daren biyu ga wata, don mafarkin farko na shekara ya zo da alheri. A jiki akwai wata waƙa da in ka karanta daga farko ko daga ƙarshe duk abu ɗaya take bayarwa, wani lokaci kuma a ƙyallen jirgin a rubuta sunan baku, wata dabbar almara mai cinye mugun mafarki. In duk da haka mafarkin ya zo da muni sai da safe a kai takardar kogi ruwa ya tafi da ita. Shi yasa masu arhar, baƙi da fari, waɗanda talaka ya kwana a kansu, su ne suka fi wuyar samu yau, masu kalar da aka adana su suka rage, kuma ni wannan yana taɓa ni, don hoton da aka fi amfani da shi shi ya fi ɓacewa.

Shaho da gauta ma maganar mafarkin ce. Suna da karin magana da ke jera mafarkin da ya fi kyau a wannan daren, na ɗaya dutsen Fuji, na biyu shaho, na uku gauta, irin baƙar doguwar nan tasu. Bayani biyu aka fi ji. Ɗaya wasan kalma ne, Fuji na kama da buji wato lafiya lau, taka sunan shaho yana nufin sama ko tsawo, nasu sunan gautar kuma sautinsa ɗaya da cim ma buri. Ɗayan bayanin yana danganta su da yankin Suruga inda Tokugawa Ieyasu, shogun na farko a zamanin Edo, ya yi ritaya, can Fuji yake, mutumin mayen farauta da shaho ne, gautar wajen kuma tana riga ta ko'ina nuna. Don haka in kaga budurwa ta yi barci a hoto, wani hayaƙi ya fito daga kanta da Fuji da shaho a ciki, ka san ranar da ake ciki.

Sauran alamomin na cikin gida da ƙofar gida ne, kuma da zarar idonka ya saba zaka riƙa tsinto su ko a lungun hoto. Kadomatsu, reshen matsu, bishiyar nan mai ganye kamar allura da bata kaɗewa da sanyi, a haɗa da gora a kafa hagu da dama na ƙofa don tarbar toshigami, abin bautar da suka yi imani yana kawo shekara. Igiyar bambaro a saman ƙofa da fararen takardu na lilo. A ɗaka kuma curin mochi biyu, shinkafa ce da aka kirɓa, babba a ƙasa ƙarami a sama, a ɗora wani lemo mai ɗaci a kai, sunan lemon daidai, eh kamar dai kalmarmu, amma su a yarensu sautin na nufin zuriya bayan zuriya. Ƙaton jatan lande mai lanƙwasasshen baya addu'a ce ta a tsufa har a ranƙwafa, gauraka shekara dubu, kunkuru dubu goma. Kuma ka tuna a wancan zamanin ba a bikin ranar haihuwa, kowa da kowa ranar ɗaya ga watan farko yake ƙara shekara, jariri da kakarsa lokaci guda, to kaga dole maganar tsawon rai ta cika hotunan.

In kana son ganin titi da hayaniyarsa ka nemi Utagawa Hiroshige, jerin wurare 100 na Edo da ya yi daga 1856 zuwa rasuwarsa a 1858. Na biyu a jerin unguwar Kasumigaseki ce, kana tsaye a kan tudu kana hango teku, kadomatsu a gefen hanya, 'yan manzai masu bin gida gida suna waƙar fatan alheri da barkwanci a basu tukwici, sama kuma cike da tako, abin wasan nan na takarda da ake sakar wa zare iska ta ɗaga shi, kuma a jikin ɗaya an rubuta kalmar kifi, wanda shi ne farkon sunan mai shagon da ya buga, Uoya Eikichi, talla ce ya saƙala a sararin sama. Na ukun ya fi burge ni. Faifan katako biyu na wasan hanetsuki sun leƙo daga gefen hoton hagu da dama, 'yar ƙwallon mai gashin tsuntsu tana sama a tsakiya, 'yan matan da ke wasan kuwa ba a nuna su ba sam, kai ne ka tsaya a tsakaninsu. Ƙwallon daga ƙwayar mukuroji ake yinta, sunan da in an rubuta shi yake bada ma'anar yaro ba ciwo, wadda ta bari ta faɗi kuma a shafa mata tawada a fuska.

Hotunan 'yan wasan kabuki, wasan kwaikwayonsu na gargajiya, ma da yawa na sabuwar shekara ne ko da ba kadomatsu a ciki, don gidajen wasan Edo sun mayar da shi al'ada duk watan farko sai an yi labarin 'yan'uwan Soga, Juro da Goro, da suka ɗau fansar ubansu a 1193. Lokacin ne kuma masu shago ke fito da sababbin kaya, ko jerin Fuji 36 na Hokusai a sabuwar shekarar 1831 aka yi tallarsa. Hoton kasuwa kuɗinsa bai wuce na kwanon taliyar soba ɗaya ko biyu ba, ɗan aike ma zai iya saya ya kai ƙauye tsaraba.

Al'adar bata mutu ba, ta koma katin gaisuwa ne, nengajo, da gidan waya ke tarawa ya raba ranar 1 ga Janairu, har yau dabbar shekara ake sawa, har yau kuma akwai masu zama su sassaƙa nasu da hannu su buga wa dangi.

Amma in ka ce in zaɓa maka guda ɗaya tak, to na 118 ne a jerin Hiroshige ɗin nan, don 100 ɗin suna ne kawai hotunan sun wuce haka, na 1857, daren ƙarshe na shekara a Oji, arewacin Edo. Wannan daren a gari daren biyan bashi ne, masu shago na yawo da fitila da littafi, shi kuwa sai ya fita bayan gari ya zana fili shiru, sama toka-toka da taurari, wata tsohuwar bishiyar enoki ba ganye, a gindinta yanyawa sun taru kowace da ɗan harshen wuta a gaban bakinta, can nesa cikin duhu kuma wasu wutar na tahowa a jere. Labarin mutanen wajen shi ne a wannan daren duk yanyawar Kanto, yankin da Edo yake ciki, ke haɗuwa a gindin bishiyar su kintsa su shiga wurin bautar Inari na Oji, mai kula da shinkafa wanda su ne 'yan aikensa, manoma kuma su tsaya daga nesa suna ƙirga wutar, yawanta ke gaya musu ko damina mai zuwa zata yi albarka. Ta fuskar sana'a hoton nan azaba ne, kusan duk baƙi ne da toka, kuma duhun saman da ke sauka a hankali yana washewa ba a sassaƙa yake ba, mai bugu ne ke jiƙa allon ya ja kala da buroshi a kowace takarda daban, bokashi kenan, na sha gwada shi, in ruwan ya ɗan yi yawa ya zama taɓo in ya yi kaɗan layi ya fito. Shi yasa bugun farko da na baya suke da bambanci kamar dare da rana, a na farkon jikin dabbobin har wani haske yake yi a cikin duhun, in zaka nema a intanet ka buɗe kwafi biyu ko uku na gidajen tarihi daban daban ka jera su ka gani da idonka. Mutanen Oji kuma tun 1993 suka ɗauko abin daga hoton suka mayar da shi gaske, duk daren 31 ga Disamba sai su yi kwalliyar fuskar yanyawa su riƙe fitilun takarda, sha biyun dare na bugawa su taka daga inda bishiyar take a da zuwa wurin bautar.